Kwalbar da Inna ta yaba

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya hana ni sakat, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida.

Bana na gama karatun chimie, wato ilimin haɗa sinadarai, a Yaoundé na dawo Garoua. Mahaifiyata mai haɗa humra da turaren wuta ce a unguwar Poumpoumré, da wannan sana'a ta riƙe mu tun rasuwar babanmu. Tun ina makaranta nake haɗa wani turare irin wanda Faransawa ke kira chypre. Da farko ƙamshin ɓawon lemo za ki ji, fure ya biyo baya, daga ƙarshe ya kwanta da ɗan ɗaci kamar itacen da ruwan sama ya jiƙa. Su da gansakukan bishiyar ƙasarsu suke samo ɗacin nan. Ni saiwar jema ta bakin kogin Binuwai na sa, da ƙaron hano, a cikin mai. Ba don kasuwa na yi ba, kwalabe kaɗan ne. Burina Inna ta shinshina ta ce ya yi.

Na kai mata, na lissafa mata abin da ke ciki. Ta ɗiga a bayan hannu, ta lumshe ido, ta ce jemar ta fito sosai, sai dai in rage lemon. Na koma ɗaki ina murna, sai ga kwalbar turaren a kan tebur. Wadda na kai mata ta mai zalla ce, ban sa masa komai ba. Kwalaben iri ɗaya ne. Na duba, na sake dubawa. Tabbas, mai zalla Inna ta yaba.

Daga nan na fara lura. Tun zazzaɓin da ta yi da damina, miya takan kama ƙasa tana zaune kusa da murhu. Farcen haɗa humra da ta soya kwanan nan ƙarni yake yi, ita da ke gane ya yi daga tsakar gida. Wata da ta daɗe tana saye ta dawo da kwalba, Inna ta ce hassada ce. Yanzu gidan Alhaji Ilyasu sun ba ta haɗa humrar amarya, kuma matan gari duk za su shinshina. In ta ɓaci, sunan Inna ya zube. In na faɗa mata, ina tsoron ta karaya. Na yi tunanin in riƙa gyara haɗin a ɓoye, amma ban san gwargwadonta ba, da hannu kawai take awo.

'Yar mai humra, Poumpoumré

'Yata, Innarki ta riga ki sani. Mai shekaru a bakin kasko ba ta buƙatar a gaya mata hancinta ya mutu. Ɓoyewa take yi, kuma kada ki ga laifinta: abincinku ne, mutuncinta ne.

Shirun naki ma akwai tausayi a ciki, amma ba zai kai ku bayan biki ba. Gyara a ɓoye kuwa ki bar shi. Ranar da ta gane, abu biyu za ta rasa: hancinta da yardar da ta yi miki.

Gobe ki zauna kusa da ita ki ce ta koya miki humra. Hannunta bai manta awo ba, ke kuma hancinki lafiya lau. In farce yana ƙarni, ki faɗa a hankali, ku biyu kawai. Za ta fahimci kin sani, ba sai kin ambaci kwalbar nan ba, yanzu ko nan gaba. Bayan haka ki lallaɓa ta ku ga likita. Ba zan yaudare ki ba, wani lokaci jin ƙamshi yakan dawo, wani lokaci ya tafi ke nan.

Na san abin da ya fi ci miki rai, ko da ba ki faɗa ba: mai yiwuwa ba za ta taɓa jin turarenki ba. Wannan ba ni da maganinsa. Sai dai ki tuna, macen da ake dawo wa da kwalba ta shinshina man banza ta yaba, don kada 'yarta ta koma ɗaki da ɓacin rai. Ki rage lemon kamar yadda ta ce.

Allah ya ba ta lafiya, ya sa ku fita kunyar amarya.

Goggonki