Barsu da rigar Yaya

Inna, sannu da dawowa. Na wuce Dungu aikin rigakafi, sai bayan magariba.

Ki yi haƙuri da yadda za ki tarar da ɗakinki. Jiya da la'asar hadari ya taso, tsawar farko karen nan Barsu ya tsinke igiya ya faɗa ciki. Ya sa baki a randarki. Na zubar da ruwan, na wanke ta sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Har yanzu bayana bai daina ciwo ba.

Na yi kira, na kawo tuwo, ya ƙi fitowa, jikinsa sai rawa yake. Da na leƙa ƙarƙashin gado sai na gan shi kwance kan tsohuwar rigar Yaya Shekara, wadda kika ce kin bayar sadaka tun shekarar da ya tafi Legas. Da ya tusa hanci a ciki rawar ta tsaya, aka gama ruwan bai motsa ba.

In hadari ya haɗo yau, don Allah kada a ɗaure shi, igiyar ta yanke masa wuya. Na shimfiɗa rigar a zaure, a bar shi ya kwanta a kai. Na gaji da wanke randa.

Ban gaya wa kowa inda ya samo ta ba. Hular Yaya kuwa tana nan ƙarƙashin matashinki, ita bai taɓa ta ba.

Najaha