Lalas a Hannun Nata'ala

Daga ƙaninka Uwaisu a Limawa ta Dutse, zuwa ga Yaya Muntaka a Gwanja. Gaisuwa mai yawa da ladabi da fatan alheri. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a fataucinka. Inna tana nan da sauƙi, matarka Lauratu da yara duk lafiya lau.

Bayan haka, Yaya, na yi ɓarna, kuma gara ka ji daga bakina. Tun da Nasara suka sa a ƙera musu gatura na saran hanya, ƙanenmu Nata'ala bai ajiye masaba ba, har gwiwar hannunsa na dama ta kama ciwo wata biyar. Ko buta ya ɗaga sai ya cije leɓe. Ɗanmusa wanzami ya yi masa ƙaho da tsaga sau uku, ba sauƙi. Gwaggo Safiyatu ta danna ƙashin gwiwar ta waje, ya yi ƙara, ta ce jijiya ce ta gaji, a gasa da ruwan zafi, a shafa man kaɗe, ya bar maƙera damina guda. Ni kuwa na ga bazara ta kawo jiki, manoma suna jiran garemani, na ce maganar tsofaffin mata ce.

Sai na kira Bubayero, makiyayin Buji da ke yi wa shanu lalas da ƙarfe mai zafi, ya yi wa Nata'ala. Nata'ala ya ƙi, muka kayar da shi mu huɗu, ni na danne ƙirjinsa. Aka ɗora masa jan ƙarfe a gwiwar hannun, fata ta yi ƙauri, ya fizge, ƙarfen ya nutse har ƙashi. Da muka sake shi ya ɗauki awartaki da hagu ya kwaɗa mini a baki, haƙora biyu suka zube, ban kuwa kare ba. Gaggawa aikin Shaiɗan. Gyambon ya warke, amma yatsu uku sun lanƙwashe, ba sa riƙe ko cokali. Kunya da baƙin ciki sun ishe ni.

Ina roƙonka ka dawo ka hura wutar maƙerar Baba, don ba wanda ya iya sai kai. Ka gai da Kawu Idirisu da iyalinsa. Inna da Lauratu suna gaishe ka. Ban san ko Nata'ala yana gaishe ka ba, domin tun ranar bai sake yi mini magana ba.

Wassalam, ƙaninka Uwaisu.