Takalman Raewyn da Filin Gangare

Otautau, tsakiyar Yuni

Raewyn tawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma sanyin Dunedin bai taso miki da ciwon gwiwa ba. Yaya jikin 'yarmu Isla bayan haihuwa? Yaya tagwaye? Ki sumbace min su, ki ce kakansu na nan zuwa da zarar shanu sun sake shi. Wasiƙa na rubuto don kin san yatsuna da waya ba sa shiri, in danna harafi ɗaya uku su fito.

Ni lafiya lau. Miyar tunkiyar da kika bari ta ƙare, na koma burodi da cuku, kada ki ji tausayina, na ma ƙara ƙiba. Mun daina tatsa, shanu duk sun yi nauyi, sun shiga cin kabejin da muke shuka musu don sanyi a filin gangare.

To, ga abin da na yi, gara ki ji daga bakina kafin Bevan maƙwabci ya kai miki da ƙari. Kin san tun zamanin Babanki daga ƙasa ake fara ba su kabejin, daga ƙofar bakin rafi, ana matsar da wayar shinge mai lantarki kullum safe ana hawa sama. Bana na juya abin. Daga kan tudu na fara, muna gangarowa. Na ja wata waya a bayansu don kada su koma su dama inda suka riga suka cinye, kwamin ruwa kuma yana bin su. Kwarin nan na tsakiya, inda ruwa ke taruwa ya bi ya faɗa rafi, na killace shi, ko kofato ɗaya ba zai taka ba. Duk abin da ya gangaro daga sama, sai ya ratsa ganye da ciyawa tukuna.

Bevan ya tsaya a bakin shinge ya daɗe yana kallo, ya ce ashe tsufa daga kai yake fara kama mutum, tunda har na manta inda ƙofar gonata take.

Ban manta abin da kika faɗa ranar tafiyarki ba, cewa kin gaji da buɗe labulen kicin kina ganin baƙin taɓo, kin gaji da ganin rafin da kika yi wanka kika kama jatan lande a ciki kina yarinya ya cika da gansakuka, har ba za ki bari jika ya tsoma ƙafa ba. Kika ce in kin dawo za ki kira dillali a sayar da gonar. Gonar Babanki ce, ikonki ce, ba zan yi gardama ba. Amma gaskiya ba na so, Rae. Ban san me zan yi da safiyata a cikin gari ba.

Jakar kayan sadakar da kika ware wa shagon coci, wadda kika cusa dogayen takalmanki na roba a ciki, tana nan a baranda. Zan kai in na sami hanya.

Ki huta lafiya, ki riƙa barci idan yaran sun yi.

Mijinki,
Dougal

Otautau, ƙarshen Yuli

Raewyn,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin wasiƙarki, musamman labarin cewa namijin cikin tagwayen ya ɗauko kunnena. Allah ya ba shi haƙuri. Na lura ba ki ce komai a kan gona ba, ni ma ban yi tsammani ba.

Shanu sun gama da rabin filin na sama, na mayar da su gaba. A da sai mu bar wurin haka nan tsirara har sanyi ya wuce. Yarinyar nan da ta yi mana bayani a taron manoma ita ta sa min abin a rai. Ta ce fitsarin saniya taki ne tsantsa, naitirojin ɗin nan da muke saye a buhun yuriya, garke guda ya yi ta zuba shi a ƙasar da babu saiwa ko ɗaya da za ta sha. Ruwan sama ya zo ya wanke shi ƙasa, ya ɓulla a rafi, gansakuka ta samu abinci. Maganinsa a shuka abin da ke tsira cikin sanyi ya kama shi tun bai nutse ba. Shi ya sa na shuka ot, hatsin kununki na safe, a tsakiyar sanyi, lokacin da ko mahaukaci ba ya fito da injin shuka a yankin nan.

Na jira ƙasa ta ɗan tsane, amma ban jira sosai ba. Tarakta ta kafe har ciki a kusurwar yamma. Dole na kira Bevan. Ya zo da tasa yana murmushi tun daga nesa, ya janyo ni, ya zauna a kicinki ya cinye biskit ɗin da kika ɓoye a gwangwanin shayi. Sannan ya ce, “Dougal, in agwagi kake son ciyarwa, ka zuba musu a faranti mana, me ya kai ka wahalar da tarakta?”

Abin haushi, da gaskiyarsa. Washegari agwagin daji suka sauka bibbiyu, mace da miji, suna ta tsinta suna yi min ihu kamar ni ne baƙo. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar ruwanki mai ruwan ɗorawa. Kada ki yi fushi, ta fi yi masa kyau.

Har yau ba abin da ya fito. Raɓa na daskarewa kowace safiya, ƙasa ta yi tauri. Ina zuwa in tona da yatsa, in ga ƙwayar ta kumbura ta yi shiru. Wani lokaci sai in ce ko na mayar da kaina abin dariya ne kawai. Duk da haka ina jin daɗin aikin. Shanu na kwanciya a busasshen wuri suna tuƙa, ƙafafunsu ba su yi kaca-kaca kamar bara ba.

Jakar coci ban kai ba tukuna, hanya ba ta bi da ni can ba.

A gaida Isla da mijinta.

Naki,
Dougal

Otautau, farkon Satumba

Rae,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ki yafe shirun, haihuwa ta kankama, maruƙa sai faɗowa suke, in na zauna da biro barci ke kwashe ni.

An yi ruwan nan mai ƙarfi da kika gani a labarai. Da ya tsagaita na sauka bakin rafi. Ya cika ya yi ƙara, ya ɗan yi duhu, amma ba kalar shayi da madara ba irin ta kowace shekara daga wajen filinmu. Ruwan da ya fito daga kwarin da na killace har ana ganin ciyawa a ƙarƙashinsa. Ba zan yi miki ƙarya ba, shi naitirojin ba a ganinsa da ido, kuma abin da ya shiga ƙasa shekara da shekaru ba zai fita a sanyi ɗaya ba. Wataƙila tagwaye su shiga makaranta kafin rafin ya dawo yadda kika san shi. Gonakin da ke sama da mu ma suna zuba nasu a ciki.

Amma ot ya fito. Da farko kamar gashin jariri, sai ka duƙa za ka gani. Yanzu ya rufe ƙasa. Abin da ya fi burge ni, duk inda saniya ta tsaya ta yi fitsari, wurin ya fi tsayi, korensa ya fi duhu, tabo-tabo ko'ina a gangaren. Daga tagar kicin nake tsayawa da kofina ina kallo, ina cewa wannan da wancan, da tuni duk suna cikin rafinki. Ban taɓa zaton fitsarin saniya zai sa ni ƙwalla ba.

Bevan ya leƙo jiya, wai aron igiya. Ya zagaya filin hannu a aljihu, ya ce agwagin ba su iya aiki ba. Da zai tafi ya tambayi inda na sayi irin, wai wani abokinsa ke so.

Ba roƙonki nake ba. In kin zo kin gani kin ce dillali, dillali ne. Ina so dai ki buɗe labulen sau ɗaya kafin ki yanke.

Ina kewarki ƙwarai.

Dougal

Otautau, ƙarshen Satumba

Raewyn tawa,

Gaisuwa mai tarin yawa. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Shafi biyu cur a kan kumburin cikin yara da tsadar kayan miya, na ce shi ke nan, matar nan ba za ta taɓo maganar ba. Sai can ƙasa, bayan kin sa hannu, na ga layin da kika ƙara: “In ba ka kai jakar coci ba, ka cire min takalmana. Ba zan shiga ot ɗinka da takalmin gari ba, kuma baɗi wayar bakin rafi ni zan ja, kai ba ka iya miƙe layi ba.”

Baɗi, kika ce. Na karanta kalmar har kare ya gaji ya koma gida ya bar ni.

Ranar Asabar zan zo ɗaukarki bayan tatsar safe, Bevan zai duba maruƙa. Zancen jaka kuwa, kin fi kowa sanin shagon coci yana kan hanyar da nake bi duk mako. Takalman tun daren da kika tafi na cire su. Na wanke su, na kori gizo-gizon da ya tare a na hagu, suna nan a bakin ƙofa kusa da nawa.

Sai na zo.

Mijinki,
Dougal