Gado da Shehu Mutum Ɗaya Ne

Litinin, 3 ga Mayu, 1993
An jibge mini rajistocin masu tarin fuka na Jega, Aliero da Maiyama a ofis. Na Maiyama wari yake, kashin ɓera har cikin shafi. Tir. Dakta Iklima, shugabar masu bincike kan cutar, tana son a haɗa ukun a gano masu sauya asibiti su bar magani a tsakiya. Ta ce bayan an gama za a cire sunaye, lamba kawai za ta tafi. Ni aka ba aikin, wai shekara goma sha huɗu ina rubuta kati, babu wanda ban sani ba. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 5 ga Mayu
Mutanenmu da wahalar da kai! Mace ɗaya, Altine a Jega, Fatimatu a Aliero. Na kama irinta tara yau.

Litinin, 10 ga Mayu
Gado mahaucin garin Kuberi. A Maiyama ya zo sau ɗaya bara, ya ɓace. A Aliero kuma ga wani "Shehu, manomi", mai yankakken ɗan yatsa a hagu, wata huɗu yana karɓar magani bai taɓa fashi ba. Yatsan nan na sani, a gabana wuƙa ta ci shi. Na buga tebur na kira Dakta daga ƙofa: "Wallahi Gado mahauci ne!" Ta ce in rage murya. Mata na zaune a benci suna jiran awo.

Talata, 18 ga Mayu
Maganar ta kai Kuberi. Wai naman Gado ya wuni a teburi, sai ƙuda. Waɗanda suka saba kiransa fiɗar layya sun nemi wani. Mutumin da ya kusa warkewa! Bakin mutane abin ƙyama ne. Dakta ta kulle takardar sunayen a akwati da kwaɗo biyu, kamar takardar ce ta yi magana.

Alhamis, 20 ga Mayu
Ban iya cin tuwo ba.

Litinin, 24 ga Mayu
Na haɗu da shi a tashar Jega. Ya rame. Na miƙa hannu, ya karɓa, bai ko ɗaga murya ba, da ma zagina ya yi. Ya ce, "Malam Rilwanu, na kai ciwona hal Aliero don kar gida su ji. Ku kunka ɗauko shi kunka maido man." Na fara bayanin lamba da bincike, na ji bakina kamar na mai tallar magani a mota. Ya ce ya bar zuwa Aliero ke nan. Saura wata biyu ya gama.

Laraba, 26 ga Mayu
An ce layin karɓar magani a Aliero ya ragu. Dakta ta rubuta "rashin wayewa" a rahotonta. Na tofar da yawu ta taga. Nata laifin ya fi sauƙin gani.

Litinin, 7 ga Yuni
Azumi ta Gumbin Kure a rajistar Maiyama, "Yalwa" a ta Jega. Har muryarta ina ji. Dakta ta leƙo ta ce, "Wannan fa?" Na ce mutum biyu ne daban. Ta ce na tabbata? Na ce idona ya fara rauni kwanan nan. Wataƙila ma haka ne.