Kik ɗin babur ɗinka ya yi laushi, Baba

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifinsa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kai ma ba karantawa za ka yi ba. Amma ka san ni, aiki in na buɗe shi sai na gaya wa mai shi abin da na tarar a ciki. Babur ɗinka na buɗe, kuma kai ne mai shi.

Gida lafiya. Inna ta fita takaba sati biyu da suka wuce. Yaya Hadiza ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka. Gonarka ta hanyar Gadau an girbe ta, geron bai yi laifi ba, waken ne tsutsa ta ɓata. Gareji na nan yadda ka san shi. Har daga Misau da Shira ake kawo mini mashin, don an san abin da ya gagari wasu ba ya gagara ta. Ba yabon kai ba ne, da sifana biyu na fara a gindin darbejiya, ba wanda ya ɗora ni.

Da Inna ta fita takaba ta ce a fitar da babur ɗin daga zaure, ganinsa na tayar mata da hankali. Na tura shi gareji. Na zuba mai, na taka kik don in tayar da shi, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. A nan na tuna da maganarka. Sau nawa ka ce mini kik ya yi laushi? Ka ce shekara goma sha ɗaya kana taka shi, ƙafarka ta san nauyinsa. Ka ce in ka yi nisa a hanyar gona sai ya fara tari, ya riƙa katsewa, wani lokaci ya yi harbi ta salansa ya mutu. Ni kuwa na canja fulogi, na wanke kafireto, na zagaya da shi cikin gari har tasha na dawo, ban ji komai ba. Na ce maka man bumburutu ne kake saye a bakin hanya. Da ka daina saye abin bai daina ba, sai na ce hannunka ne ya fara rawa a kan totur.

Ina da geji na auna matsin iskar inji, Baba. Ka sha ganinsa cikin jar akwatinsa. A duk layinmu ni na fara sayensa, kuma manyan mashina nake ɗauko wa shi. Ban taɓa ɗaura shi a naka ba. Me ya sa? Saboda ni na yi wa injin aiki da hannuna kafin damina, kuma ban ga dalilin da zan auna aikina ba.

Ranar Talata na auna. Na bar injin ya yi zafi sosai, na kwance fulogi, na ɗaura gejin a raminsa, na buɗe totur har ƙarshe, na yi ta taka kik har allurar ta daina hawa. Da ƙyar ta wuce rabin inda lafiyayyen inji ke kaiwa. Na sake, haka. Na ce ko gejin ne, na gwada shi a mashin ɗin wani ɗan acaɓa, allura ta haye daidai. To, iska na zurarewa ke nan, saura a san ta ina. Na ɗiga baƙin mai kamar cokali guda a ramin fulogi na sake takawa. In ringin fistin ne ya cinye, man zai toshe kafar na ɗan lokaci, allura ta ƙara sama. Da haka ta faru, da na ce tsufa ne, babur ya ci zamaninsa, ba laifin kowa. Allurar ba ta motsa ba. Bawul ne.

Na buɗe kan injin. Bawul ɗin da ke fitar da hayaƙi an matse shi, ba a bar masa 'yar tazarar da ake bari ba. Ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake yi. A cikin gari ba ya kai ga haka, shi ya sa ni ban ji komai ba. Sai an yi tafiya mai nisa bawul ya kasa rufewa, wuta ta riƙa bi ta gefensa. Gefen har ya ƙone, ya yi giɓi kamar haƙorin da ya ɓantare. Ba wanda ya taɓa notin da ke saita wannan tazara bayan ni. Da ido na ɗaure shi, ban sa ma'aunin tazara ba, ina sauri.

Ka san abin da ya biyo baya. Ranar da ka turo babur ɗin da ƙafa tun daga mahaɗar hanyar Gadau, ni na tsaya a majalisarku ta ƙofar masallaci, gaban abokanka, na ce mashin lafiyarsa lau, mai shi ne girma ya kama. Da maganata aka karɓe makulli a hannunka. Wa zai yi musu da ni a kan inji? Damina guda ka yi kana zaune a zaure kana tambayar masu dawowa ko gero ya fara bunni. Ba ka ƙara ganin gonar nan ba. Ban ce rashin babur ne ya kawo ajalinka ba, kwana ne ya ƙare. Amma daminar nan ni na hana ka ita.

Me ya sa ba ka kai shi wajen wani bakanike ba, Baba? Ga su nan birjik a Azare. Ko kana gudun a ce uban Garba ya kai mashin wani gareji?

Gyaran bai ci mini wuni ɗaya ba. Sabon bawul, na wasa mazauninsa, na sa ma'auni. Na je Gadau na dawo bai yi tari ko sau ɗaya ba. Da zan iya yin shiru, ba wanda zai sani. Kwana biyu ina juya abin, don sunan nan da na yi shi kaɗai na mallaka.

Na gaya wa Inna. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba a gabanta na yi maganar farko ba, in je inda na yi ta.

Jiya bayan La'asar na je majalisarku da ƙonannen bawul ɗin a aljihu. Na gaishe su, na ajiye shi a kan tabarma, na ce babur ne ke da ciwo, ni na jawo, hannunka lafiyarsa ƙalau. Malam Isa amininka ya ɗauka ya jujjuya, ya miƙa wa na kusa da shi, har ya zagaye su duka. Sai Malam Isa ya ɗaga hannu aka yi maka addu'a. Da aka shafa ya matsa gefe ya buɗe mini wuri a inda kake zama. Ban zauna ba. Na tsuguna a ƙasa wajen takalma har aka kira Magariba.

Iyakar abin da zan gaya maka ke nan. Ka yafe mini in ana yafewa daga can. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya kyautata namu zuwan.

Ɗanka,
Garba bakanike, Azare.