Ƙwan da Ake Saukewa Tun Bai Nuna Ba

Litinin, 7 ga Oktoba

'Yata Noriko ta bugo waya daga birnin Nagoya da ƙarfe tara da minti huɗu. Asibiti za su sallami mahaifiyarta, matata Toshie, ranar sha tara ga wata. Hannunta na dama bai farfaɗo ba tun da ɓarin jikinta ya shanye, kuma likita ya ce ta gama riƙe wuƙa. Noriko har ta gyara mata ɗaki a gidanta. "Baba, kai da ba ka san inda gishiri yake ba, wa zai ciyar da ita?" Na tuna mata cewa shekara talatin da takwas na yi ina koyar da ilimin sinadarai, girki kuwa ƙanensa ne. Dariya ta yi.

Ga abin da muka tsayar. Ranar Lahadi, ashirin ga wata, zan dafa oyakodon, kaza da ƙwai bisa shinkafa, abincin da Toshie ta fi so. In ta ci, ta zauna gidanta. In ba ta ci ba, sai Nagoya.

Gishirin yana bayan gwangwanin shayi. Sai da na yi minti ashirin ina nemansa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na samo littafin girkinta. An rubuta: "Romon kifi, daidai. Ruwan waken soya, zagaye biyu. Sukari, gwargwadon yadda ranar take." Zagaye biyu na wane kasko? Da wane sauri? Ashe shekara arba'in da shida ina cin abin da ba a taɓa aunawa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Gwaji na farko. Na auna komai a sikeli, na kaɗa ƙwai sau ɗari har ya zama launi ɗaya, na dafa har ya nuna sarai. Ya fito kamar tafin silifa. Na bi lissafin sau uku, babu kuskure.

Asabar, 12 ga Oktoba

Maƙwabciyarmu Uwargida Hamaguchi, wadda ta tsufa tana sayar da abinci a tashar jirgin ƙasa, ta shigo kawo kabewa, ta same ni ina kaɗa ƙwai. Ta fizge kwanon. "Haba Malam Kurata, me ƙwan nan ya yi maka? Ɗalibinka ne?"

A cewarta ba a kaɗa shi. Tsinkayen cin abinci ake sa wa, a tsinka farin sau biyar ko shida, a bar fari da kwaiduwa kowa da kamanninsa. A zuba kashi biyu cikin uku a kan kaza da albasa, a ɗan dakata, a zuba ragowar, a rufe, a kashe wuta tun bai nuna ba. Zafin shinkafa ne zai ƙarasa.

Na ce daƙiƙa nawa? Ta ce, "Sai ya yi rawa kamar kumatun jariri." Na ce ai a rufe yake, yaya zan gani? Ta ce, "To ka gani!" ta tafi abinta.

Ban ga komai ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Gwaji na bakwai ɗanye, na takwas busasshe. Tsakaninsu daƙiƙa goma sha biyu. Na raba biyu, na tara ya fito ɗanye a tsakiya, busasshe a gefe.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Asibiti. Toshie ko rabin abincinta ba ta ci ba. Na karanta mata sakamakon gwaje-gwajen goma sha huɗu a jere. Maganarta har yanzu a hankali take fita. "Kai... jira kake... sai ka tabbata." To in ban jira tabbaci ba, me zan jira?

Ba ta ambaci Nagoya ba, ni ma haka. Na wanke kofinta sau biyu don kada in fito da wuri.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Noriko ta zauna a tebur ta harɗe hannuwa. Toshie ta ƙi zama tare da ita, ta sa aka kai mata kujera bakin ƙofar kicin.

Albasa da kaza sun tafi bisa tsari. Na zuba ƙwai na biyu, na rufe, na ɗora yatsu a kan makunnin gas, sai hannuna ya ƙi motsi. Na san ɗanye ne. Sai ƙarar cokali a jikin kujerar Toshie.

"Yanzu, tsoho!"

Na kashe.

Da hagu ta ci, da cokali, a hankali. Ta ce albasa ta yi kauri. Ta bar kamar kashi ɗaya cikin uku. Noriko ta ce, "Wannan ai maguɗi ne, Mama ce ta dafa." Toshie ta ce, "Hannu nasa... kunne nawa. A gidanki wa zai bar ni... in yi tsawa?"

Noriko ta fita lambu, ta daɗe tana duban itatuwan da babu abin dubawa a jikinsu. Yarjejeniyarmu ba ta faɗi hukuncin kashi biyu cikin uku ba. Sakacina ne wajen tsara ta.

Laraba, 23 ga Oktoba

Noriko ta koma ranar Litinin ita kaɗai. Ta ce za ta zo ƙarshen wata ta duba mu.

Yau da rana ina tsakiyar girki na waiwaya, barci ya ɗauke Toshie a kujerarta. Ban tashe ta ba. Na rufe kaskon, na tsaya, na kashe wuta. Ban san dalilin da ya sa na kashe a lokacin ba, kuma ba ni da adadin da zan rubuta a nan.

Ta cinye tas. Sannan ta dubi kwanon, ta dube ni, fuskarta ta canza. "Wa ya ce maka... ka kashe?"

Na ce ita ce, cikin barci ta faɗa, ba don haka ba da ya ƙone. Ta yi murmushi ta ce dama ta sani.

Ban saba faɗin abin da ba daidai ba. Ban gyara ba.