Iskar da Ta Kwantar da Malam

Sani, kada ka sake aiko wa gidan nan na'urar da ba ka tsaya ka koya wa kowa ba.

Bayan haka, ina gaishe ka. Yaya aiki, yaya Hauwa da yara?

Esin nan mai sanyi da ɗumi da ka sa a ɗakin baƙin mahaifinka ya kwantar da shi. Abokan hirarsa na bayan La'asar ne suka ƙure gudun fankar esin, suka karkato iskar zuwa ƙasa, daidai kan buzun da yake zama. Da na yi magana sai ya ce, "Hajiya, a ɗakina zan hana baƙo shan iska?" Irin wannan kunyar ba addini ba ce. Yau kwana tara muryarsa a dushe, wani ke jan salla a masallacin unguwa. Jiya ya buɗe Alƙur'ani, sauti ya ƙi fita, ya rufe. Ni dai na fara fid da rai da muryar nan.

Ku sa shi a addu'a. Ka gaida surukanka.

Daga yau rimot ɗin esin yana ƙulle a bakin zanena. Fanka a kan lamba ɗaya, iska ta kalli rufi. Wanda zafi ya dama, ga zaure nan.